Kwana Uku Babu Turare

Jakar ce ta fara ɗaukar idona. Baƙa ce mai zif biyu. Maigidana ya ajiye ta a kan teburin cin abinci ranar wata Litinin da yamma, ya wuce yin alwala. Na buɗe. A sama akwai riga haɗe da wando, shuɗiya mai kauri, da layin azurfa a hannu da ƙafa. A ƙarƙashinta wata 'yar na'ura ce rawaya da ba ta kai tafin hannuna ba. Can ƙasa kuma sai ga fuska tana kallona: takunkumin roba baƙi, mai gilashi daga goshi har haɓa, da igiyoyi a baya. Na ɗaga shi na kai hanci, don ni komai da hanci nake fara saninsa. Warin sabuwar tayar mota yake yi.

A raina na ce, wannan abu ba zai hau fuskar mijina a haka ba.

A Kano na tashi, a gidan da 'yan mata suka yi yawa. Tun ina aji biyu na sakandare nake hayar littattafan soyayya a wani ɗan shago kusa da makarantarmu, in ɓoye cikin hijabi, in karanta a bayan tankin ruwa. Abu biyu na haddace daga cikinsu. Namijin kirki yana da saje kwance luf, kuma yana gaya wa matarsa kalaman da za su hana ta cin abinci. Ita kuma mace da ƙamshi ake gane ta, ko ba ta nan, a jikin mijinta. Gwaggona da ta yi aure a Maiduguri ta koya mini haɗa humra da turaren wuta. Ranar da zan taho Amurka, rabin akwatina kwalabe ne nannaɗe cikin zannuwa.

Sajen na samu. Kalaman ne ban samu ba. Mijina in ya ce "abincin nan ya yi," to ya ƙure zancen soyayyarsa na wannan makon. Injiniya ne, ya yi aiki a matatar mai a gida kafin ya taho, amma a nan shekara takwas ya yi yana tuƙa tasi a arewa maso yammacin Washington, yana ɗaukar ma'aikatan ofisoshin jakadanci da ɗaliban jami'a. Ban daina kiransa Injiniya ba, shi kuma bai taɓa hana ni ba.

A wannan kakar ne wani kamfani da ke tura ma'aikata rijiyoyin mai a Texas ya kira shi. Sharaɗi ɗaya ya rage: sai ya samo katin horo a kan wata iska mai guba da ke fitowa tare da mai da gas, wadda ake kira haidirojin salfaid. Ranar Laraba za a yi horon a Lanham, wani gari kusa da mu, Litinin mai zuwa kuma rukuninsu zai tashi. Wanda ba shi da kati, za a sa wani a gurbinsa. Ya riga ya mayar wa mai tasin makullinsa.

Ranar Talata da safe ya fito daga banɗaki fuskarsa fayau. An ce robar takunkumin sai ta zauna a kan fata, ko gashi kaɗan zai bar iska ta shiga. Na kalli inda sajen yake da, na juya na shiga kicin don kada ya ga fuskata. Da ya fita karɓo wasu takardu, na ce tunda an raba shi da sajen, ƙamshin kam ba wanda zai raba shi da shi.

Na kunna gawayi a kasko, na kifa kabbasar turara kaya a kai. Na'urar jin hayaƙi da ke silin ɗin falonmu na garin Largo ba ta dame ni ba, don tun makon da muka tare na hau kujera na ɗaure mata leda da roba, saboda kukan da take mini duk lokacin da na sa turare. Na shimfiɗa shuɗiyar rigar a kan kabbasa, na yayyafa mata humra a wuya da hannuwa. Na turara singileti da safa. Takunkumin kuwa, audiga na tsoma cikin humrar da gwaggona ta ce in adana don babbar rana, na goge cikinsa lungu-lungu, sannan na riƙe shi a kan hayaƙi har hannuna ya gaji. 'Yar na'urar rawaya kaɗai na ƙyale, don ina tsoronta. Na mayar da komai cikin jaka na ja zif don ƙamshin ya kama. Ina yi ina hango shi a tsakiyar aji, kowa yana waiwaye yana tambayar matar wane ne ta iya haka.

Bai lura ba. Mutumin da ya shekara tara cikin hayaƙina, hancinsa ya daina jin sa. Da safe ya rataya jaka ya fita.

Bayan la'asar ya dawo. Ya zauna a kujera bai cire takalmi ba.

"Injiniya, ina katin? Nuna mini in gani."

"Me kika sa wa takunkumin nan?"

"Humra ce kaɗan. Da hayaƙi."

"Kaɗan," in ji shi.

A hankali ya yi mini bayani, kamar yadda yake yin komai. Jarrabawar rubutu ya ci. Sai aka zo gwajin takunkumi. Akwai wani ruwa mai ƙamshin ayaba. Da farko za a ba mutum kwalba biyu ya sansana, ya faɗi wadda ke da ayaba, don a tabbatar hancinsa na aiki. Daga nan ya sa takunkumi ya shiga wata 'yar rumfar leda da aka cika da ƙamshin. In ya ji ayaba yana ciki, takunkumin na yoyo, bai dace da fuskarsa ba. To shi yana buɗe jakarsa, ɗakin gaba ɗaya ya koma ɗakin amarya. Ya kasa bambance kwalaben. Mutum huɗu da ke bayansa a layi su ma suka kasa. Malamar da ke ba su horon ta sa aka buɗe ƙofofi, aka kawo fanka, aka jinkirta kowa. Ta ɗaga takunkuminsa da yatsa biyu ta ce cikin wannan ko nonon ayaba guda aka cusa masa ba zai ji ba. Rigar ma ta ce an yi ta ne don kada ta kama da wuta, man turare kuwa abokin wuta ne.

"Ta yi faɗa?"

"Ba ta yi ba. Ta ce in koma Asabar, shi ne aji na ƙarshe kafin Litinin. Ta ce in zo ba na ƙamshin komai. Ni da kayan."

A littattafan da na sani, a nan matar za ta ruga ɗaki ta faɗa kan gado, mijin ya biyo ta da rarrashi. Na ruga, na faɗa, na fara kuka. Bai biyo ni ba. Ta bango na jiyo shi a waya yana gaida mai tasin da ladabi, yana tambaya ko an riga an ba wani motar. An ba wani. Na tashi na wanke fuskata.

Maƙwabciyarmu nas ce a wani asibiti nan Largo, 'yar Filato. Anti nake ce mata, ita kuma Amarya take ce mini duk da shekarun da na yi da aure. Na same ta ta dawo daga aiki tana cire takalmi. Da na gama ba ta labari, dariya ta ci ƙarfinta sai da ta zauna a kan matakala.

"Amarya, har cikin mas ɗin kika shafa? Ke kam sai dai a sa ki a addu'a."

"Anti, aikinsa zai tafi."

Ta share hawayen dariya. Ta ce su ma duk shekara ana yi musu irin wannan gwaji a asibiti, ta san kan abin. Ruwan ɗumi, sabulu mara ƙamshi, a wanke, a ɗauraye, a shanya a inuwa, a sake.

"Amma ba a gidanki ba. Gidanki ko cokali aka ɗauka ƙamshi yake. Kawo kayan nan. Ki kuma kwaso kwalaben naki duka, ni zan riƙe makullin."

Haka na yi kwana uku babu turare, karo na farko tun ina budurwa. Na kai mata kwali biyu na kwalabe, ta kulle a sito. Na sauke labulaye, na naɗe dardumar falo, na bar tagogi a buɗe duk da sanyin da ya fara sauka, muna zaune cikin rigunan sanyi a cikin gida. Ban taɓa daddawa ba, ban soya albasa ba, shayi ma babu citta babu kanumfari. Rigar aikin sau huɗu ta shiga injin wankin Anti. Takunkumin kuwa safe da yamma nake zuwa in wanke, in rataye a barandarta, in miƙa mata ta sansana, don ni ban yarda da hancina ba kuma. Ranar Alhamis ta ce har yanzu tana jin gwaggona a ciki. Ranar Juma'a da safe ta ce saura kaɗan.

Kayan sawarsa duka sun sha hayaƙi, har waɗanda ke ƙasan akwati. Mijin Anti ya ara masa riga da wando. Gajere ne shi mai jiki, don haka wandon bai kai idon sawun Injiniya ba, ƙugun kuma sai da aka naɗe.

A masallacin da yake zuwa Juma'a akwai wani dattijo ɗan Nijar da ke tsayawa a bakin ƙofa da 'yar kwalbarsa, duk wanda ya zo ya ɗiga masa turare a bayan hannu. Ba a ƙi. Injiniya ya dawo yana ba ni labarin yadda ya cusa hannuwansa a aljihu ya ce, "Baba, a yi mini afuwa yau, likita ya hana." Dattijon ya dube shi, ya dubi wandon, ya yi masa addu'ar samun lafiya mai tsawo. Ranar ce kaɗai na ga ya yi murmushi a kwanakin.

Asabar da safe Anti ta sansana takunkumin ta daɗe, ta ce, "Taya. Taya zalla." Ban taɓa jin daɗin wata kalma haka ba. Ta ba mu motarta, don tamu ita ma ba ta tsira daga ƙamshin ba. Na ce zan bi shi in ba malamar haƙuri da bakina.

Wurin wani dogon sito ne a Lanham, tsakanin shagon gyaran mota da wani cocin 'yan Afirka. Malamar dattijuwa ce baƙar fata, 'yar Louisiana, mai furfura a gaban goshi, ta yi shekaru a rijiyoyin mai kafin ta koma koyarwa. Ta saurare ni har na gama, sannan ta matso ta shaƙi iska kusa da mayafina.

"Ke ce mai turaren?"

"Ni ce."

"Ki zauna a kujerar baya. Wanda ya fi kowa yarda da hancinsa shi na fi so ya ji wannan darasi."

Na zauna bayan maza goma sha biyu da mata biyu, na ji abin da mijina zai shiga. Ta ce iskar ba ta da launi. In kaɗan ce, warin ruɓaɓɓen ƙwai take yi. In ta yi yawa, abu na farko da take kashewa shi ne jin warin. Mutum ya ce alhamdu lillahi ta wuce, alhali lokacin ne ta cika masa ƙirji. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka ramuka take bi, da gindin tankuna, da duk inda ya yi kwari. Ta ɗaga 'yar na'ura rawaya irin wadda na ji tsoro, ta ce wannan ce hancinku, a wuyan riga ake maƙala ta, ba a aljihu ba, ba a cikin mota ba. In ta yi kuka, ba a tsayawa gardama da ita. A dubi jakar nan mai kama da safa da ke kan dogon ƙarfe, a ga inda iskar gari ke kaɗawa, a ratsa ta gefe, a nufi ɓangaren da take busowa, a hau tudu. Ta ce ta san mutanen da suka liƙe bakin na'urar da salatif don ƙararta ta ishe su. Ba ta faɗi abin da ya same su ba. Ledar da ke silin ɗina ta faɗo mini a rai, na sunkuyar da kai.

Can sai ta nuno ni da alkalami.

"Mai turare. Mijinki ya yanke jiki ya faɗi a gindin tanki, kina kallo. Me za ki yi?"

"Zan ruga in ɗauko shi," na ce. Ban ma yi tunani ba. Duk littafin da na karanta haka ake yi.

"To an samu gawa biyu. Kai fa, mijin nata? Ita ce ta faɗi."

Injiniya ya miƙe tsaye cikin wandon aro.

"Zan juya mata baya in bar wurin. In buga ƙararrawa, in kira mutane. In goya tukunyar iskar shaƙa, in sa takunkumi, in samu wanda zai tsaya mini. Sannan in dawo."

"Ko tana kiran sunanka?"

"Ko tana kiran sunana."

Maganar ta soke ni, ba zan ɓoye ba. Malamar ta ce wannan iskar ta fi samun masu zuciyar kirki, waɗanda ke rugawa ceto babu shiri. Ta ce duk wanda ke son mutum, ya koyi juya masa baya na minti biyu.

Bayan azahar aka zo gwaji. Ya girgiza kwalba ta farko ya sansana, ya girgiza ta biyu, ya nuna ta biyun. Malamar ta gyaɗa kai. Ya sa takunkumi, ya ja igiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya shiga rumfar ledar. Ta sa shi numfashi a hankali, sannan da ƙarfi. Ya juya kai dama da hagu, sama da ƙasa. Ina zaune na damƙe bakin mayafina. Sai ta ce yanzu ya yi magana da ƙarfi na minti ɗaya, don a ga ko motsin haɓa zai ɗaga robar. Waɗanda suka riga shi wasu takarda suka karanta, wasu ƙirga suka yi daga ɗari zuwa ƙasa. Ta ce ya faɗi duk abin da ya ga dama, da kowane yare.

Muryarsa ta fito kamar daga cikin randa, da Hausa.

"Ke mai zaune a kujerar baya. Na san don ni kika yi. Shekara takwas ina ɗaukar mutane a mota, da wuya rana ta wuce wani bai tambaye ni wane turare ne wannan ba. In ce matata ce ke haɗawa, ba a sayarwa. Ban taɓa gaya miki ba. Ranar da na fara zuwa zance gidanku, hular da na sa wata guda na yi ban bari an wanke ba. Kwana ukun nan gidan kamar kin yi tafiya. In na ci wannan abu, yau ɗin nan ki karɓo kwalabenki. Jakar nan kawai za ki bar mini."

Malamar ta dubi agogo ta ce saura daƙiƙa goma, ya ci gaba.

"Abin da nake da shi ke nan. Ina son ki. Tara, takwas, bakwai…"

Ta tambaye shi ko ya ji ayaba. Ya girgiza kai. Ta sa ya ɗan ɗaga gefen robar kafin ya fito, ya ɗaga, nan take ya yamutse fuska ya ce yanzu kam ya ji. Ta rubuta a takardarta, ta ce ya ci.

Ina neman inda zan sa idona, wani dogon mutum da ke kujerar gabana ya waiwayo.

"Madam, ki yi haƙuri fa. Ni ɗan zangon Kumasi ne. Na ji duka."

Injiniya na cire takunkumi, layin roba ya fito masa a goshi da kumatu. Mutumin ya ce masa, "Maigida, ashe kai mawaƙi ne."

"Ba ni ba ne," in ji shi. "Robar ce."

Katin ɗan ƙarami ne, bai fi na tuƙin mota ba. A mota na riƙe shi da hannu biyu har Largo. Da muka shiga gida, kafin in je wurin Anti karɓo kwalaye, na jawo kujera na hau na kwance ledar nan daga silin. Tun daga ranar a baranda nake turare, ko dusar ƙanƙara na zuba. Ranar Litinin ya tashi da rukuninsu, jakarsa na warin taya, hularsa kuwa ta sha humra, don ita ba ta cikin kayan aiki.

Shekara shida ya yi yana zuwa yana dawowa. A shekara ta huɗu wani abokin aikinsa ya faɗi kusa da wani tanki, na'urori na kuka. Ba daga bakinsa na ji ba, matar mutumin ce ta nemo lambata ta kira ni. Ta ce mijina ya juya ya bar wurin da gudu, har wani sabon ma'aikaci ya zage shi, sannan ya dawo da tukunyar iska a bayansa, shi da wani, suka jawo mijinta. Yana nan da ransa. Da na tambayi Injiniya, cewa ya yi, "Abin da aka koya mana ne," ya nemi a ƙara masa miya.

Da malamar ta yi ritaya ta koma garinsu, sunansa ta bayar don ya gaje ta. Yanzu shi ke koyar da ajin, a sito ɗin nan na Lanham. A takardar da yake aika wa ɗalibai kafin ranar horo akwai layi ɗaya da ya ƙara da kansa: kada a zo da turare a jiki ko a kaya, a kuma sanar da mutanen gida. Sajen bai dawo ba, don shi ma duk shekara sai an sake gwada masa takunkumi. Kowace shekara nakan ce zan raka shi in zauna a kujerar baya. Sau biyu ya yarda. Duka biyun, da aka zo wurin magana, ya dube ni ta cikin gilashin, ya fara ƙirga daga ɗari yana saukowa.